Shekarar Da Wayar Babanku Ta Ƙi Yin Shiru

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin nan, kowa da gishirin da yake ƙara masa. Wannan ya ce Umma ta taɓa ƙona kwamfutar ƙungiyar manoma, wancan ya ce ba ƙonawa ta yi ba, fushi ta yi da Kawu Sale ta danna wani abu komai ya mutu. Auta kuwa ran nan na ji ta da kunnena tana rantsuwa wai har hayaƙi ya tashi. Ke da lokacin ko ɗankwali ba ki iya ɗaurawa ba, ina kika ga hayaƙi? To tunda Allah ya ara mini kwana, ido kuma bai gama tafiya ba, bari in zauna in faɗa muku yadda aka yi. Gaskiya ne na kayar da abin, kuma da gangan na kayar da shi. Amma ba abin da ya ƙone, kuma ni ban yi fushi da Kawu ba. Shi ne ya yi fushi da ni, damina guda cur.

A lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a nan Kazaure, bayan shekarun da na yi a Kano ina kula da rumbun bayanai na wata ma'aikata. Rumbun bayanai, ga waɗanda ba su bi sawuna ba a cikinku, wuri ne a cikin babbar kwamfuta inda ake adana sunaye da bayanin komai, a ciro su duk lokacin da aka nema. Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, shi ne shugaban wata ƙungiyar manoman gero da dawa da gyaɗa da ta haɗa ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa har zuwa Babura. Duk shekara ƙungiyar kan samo takin zamani ta raba wa 'ya'yanta, duk shekara kuma rabon sai ya ƙare da ɓacin rai. Mutum ya baro gida da asuba, ya wuni a rana, a ce ba a ga sunansa ba, wani kuma ya karɓa sau biyu ya yi gaba. Kawu mutum ne mai son abu ya yi kyau, mai kuma son a ga ya yi kyau, kuma biyun nan bai taɓa raba su ba. Sai ya ɗauko wani matashin injiniya daga Kano mai suna Nura ya haɗa musu manhaja. Za a kafa tebura a kowane gari, kowane tebur da akawunsa da ƙaramar kwamfuta, dukansu suna magana da rumbu guda da ke ofishin ƙungiya a Kazaure. Manomi ya zo ya faɗi sunansa da lambar waya, akawu ya danna, a ba shi buhunsa, saƙo ya shiga waya cewa wane ya karɓa.

Manyan cikinku za su tuna al'adar Kawu. Duk Juma'a in aka sauko daga masallaci, gidanmu yake yada zango. Inna, kakarku ta wajen uba, ta yi masa dambun zogale, shi kuma ya zauna a tabarma ya cinye kwano tas yana kushewa. Yau gishiri ya yi kaɗan, wani satin mai ya yi yawa. Inna ta ce masa in ya gama ya bar mata kwanon kada ya haɗa da shi. Haka suke tun ina amarya. A irin wannan zama ne, ana saura kaɗan damina ta faɗi, ya suɗe hannu ya dube ni.

"Rabi, aikin yaron nan ya kammala. Na gayyaci hakimai, an kama rumfa, sa ma yana nan ɗaure. Ranar buɗewa ita ce ranar fara rabo. 'Yan kwamiti sun ce sai 'yarmu ta gida ta duba tukuna. Ki je ki duba, ki ce ya yi."

"In duba, Kawu, ko in ce ya yi?"

"Ai duk ɗaya ne."

Babanku yana gefe yana ɓare goro. Bai ɗago kai ba ya ce, "Kawu, ka dai san wadda ka aika. Ni ko riga na saya sai ta juya ta ta duba ɗinki kafin ta ce mini Allah ya sa a kashe lafiya."

Aka yi dariya, har da ni. Na ɗauka aikin wuni ɗaya ne.

Nura yaro ne mai ladabi kuma ya san aikinsa, kada wanda ya gaya muku akasin haka. Ya tarbe ni a ofis har da rusunawa, ya nuna mini gwajin nauyi da ya riga ya yi. Gwajin nauyi shi ne ka ɗora wa rumbu aikin da ya kai na ranar cunkoso, ko ma ya fi, tun kafin ranar ta zo, ka ga inda zai durƙusa. Ba mutane ake tarawa ba. Akwai manhajar da ke kwaikwayon akawu da yawa suna danne-danne a lokaci guda. Nura ya ƙirƙiri dubban manoma na ƙarya, kowa da sunansa da lambarsa, ya saki akawunsa na ƙarya a kansu, rumbu yana amsawa kafin ƙiftawar ido. Na yaba masa da zuciya ɗaya. Amma da na zauna na karanta abin da akawun nan suke yi, sai na ga tambaya kawai suke yi: akwai wane? Rumbu ya ce akwai. Shi ke nan.

Aikin gaske kuwa yana wani wuri. A cikin rumbu akwai abin da muke kira ajiyayyen umarni. Jerin ayyuka ne da aka rubuta sau ɗaya aka ajiye a cikin rumbun kansa, aka raɗa masa suna, ta yadda akawu ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Sunan kawai zai kira, ya miƙa bayanin manomi, umarnin ya yi sauran. Kamar dai yadda nake ce muku a ɗora sanwa, ba sai na ce a ɗebo ruwa, a wanke tukunya, a hura wuta ba. Nura ya sa wa nasa suna Bada Buhu. In aka kira shi sai ya nemo mutum, ya rufe ƙofa a kansa don kada wani tebur ya sake ba shi a daidai wannan lokacin, ya rage buhu daga abin da ke sito, ya aika saƙon waya, ya jira a ce saƙon ya tafi, sannan ya buɗe ƙofa. Wannan shi ne abin da za a yi ta kira ranar rabo, shi ne kuma abin da gwajin bai taɓa ko sau ɗaya ba.

"Nura, akawun nan naka leƙe kawai suke yi. Ba wanda ya ɗaga buhu a cikinsu."

"Malama, da gangan na ƙi kiransa. Lambobin nan na ƙarya ne, amma wasu za su iya dacewa da na mutane. Wani bawan Allah yana zaune a Babura ya ga saƙo wai ya karɓi taki, gobe da safe yana bakin ƙofar Alhaji Sale da sanda."

Maganarsa gaskiya ce. Na ce to mu kwafi rumbun mu yi gwaji a kan kwafin, mu kuma share lambobin ƙaryar nan, mu sa wa duk manoman lamba guda ta wani na gida wanda ba zai kai mu ƙara ba. Wayata ina bukatarta, ta Nura kuma da ita muke samun intanet. Sai na kira babanku. Ranar yana kara a Babura, kasuwar shanu ke nan, yana duba lafiyar dabbobi, aikinsa na kullum. Na ce masa za mu sa lambarsa a gwaji, zai ga saƙonni suna shigowa, kada ya damu.

"Sa mana, Malama. Saƙo ne, ba kunama ba."

Da hantsi muka fara. Muka saki akawu kaɗan suna kiran Bada Buhu, abin ya tafi, amma da ɗingishi. Muka ƙara. Sai amsa ta fara jinkiri, akawun ƙarya suka fara gajiya da jira suna sake dannawa, kamar yadda akawun gaske zai yi in layi ya tsaya masa a ka. Muka ƙara kaɗan, sai komai ya tsaya cak. Teburin Kazaure ya tsaya, na Roni ya tsaya, na Babura da ba ruwansa shi ma ya tsaya, domin duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Allon da ɗazu yake kore shar ya koma ja daga sama har ƙasa. Kuma Allah da ikonsa, a daidai wannan lokacin Kawu ya yi sallama, ya shigo da dattawan kwamiti biyu zai nuna musu abin alfaharinsa. Ɗaya daga cikinsu ya matso da tabarau ya tambaya ko jan nan ado ne.

Nura ya bi sawun matsalar nan take, ya kuma gano ta. Bada Buhu da lambar waya yake gane mutum. In yana yi wa mai wata lamba aiki, duk wanda ya zo da wannan lambar sai ya jira a bakin ƙofa har a gama, har saƙo ya tafi. Mu kuwa mun sa wa kowa lamba ɗaya, ashe mun tara dubban mutane a ƙofa guda.

"Ranka ya daɗe, ba laifin manhaja ba ne," in ji shi ga Kawu, yana share gumi. "Gwajin ne ya zo a karkace. Mutane da yawa, lamba ɗaya. A ina aka taɓa yin haka?"

Kawu ya dube ni. Ni ma a lokacin na ga kamar Nura ya yi gaskiya, har na ji kunyar ɓata wa Kawu shigowarsa. Na ce zan sake dubawa, na ɗauki jakata na tafi gida.

Bayan La'asar babanku ya dawo. Ban taɓa ganin mutum ya shigo gidansa riƙe da hularsa nesa da jiki kamar ya kamo bushiya ba sai ranar. Wayar tana cikin hular, tana ta kuka tana karkarwa. Ya ce tun hantsi ta fara, yana tsakiyar duba bakin wani bijimi. Bijimin ya firgita, mai bijimin ya firgita. Ya kashe ta don ya yi sallar Azahar cikin mutunci, da ya kunna ta ci gaba daga inda ta tsaya. A mota wani dattijo ya matsa gefe ya ce masa in aljanu ne akwai malami a Yankwashi.

"Malama, yau na karɓi takin da zai ishi ƙasar nan har Nijar. Ina za mu zuba shi?"

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Inna dai ba ta ga abin dariya ba, domin tun safe take jiran wayar. Tana so ta yi magana da ƙanwarta Goggo Hansai da ke wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Da wayar ta ɗan lafa sai ta ce da babanku, "Kira mini mai caji, ka ce ya aika a kai wa Hansai." Babanku ya danna lambar da ka, ba tare da ya duba ba. Mai caji shi ne mai shagon da ke da 'yar sola a bakin masallacin ƙauyen. Lambarsa ita ce lambar Goggo Hansai, ita ce ta mijinta, ita ce ta liman, ita ce ta kowa. Abin da na sani ne tun da waya ta shigo ƙasar nan. Ni kaina in zan gaida dangin mahaifiyata a bayan Roni, lamba ɗaya nake kira ko wa nake nema. Nan take na daina dariya. Na tuna kuma yadda mutanenmu suke zuwa rabon taki: ba ɗaɗɗaya suke zuwa ba, ƙauye guda ke hawa mota guda, su sauka tare, su bazu a kan duk teburan da ke wurin a lokaci guda. Abin da Nura ya ce ba a taɓa yi ba, shi ne abin da za a yi tun motar farko.

Washegari da safe na sami Kawu a zaurensa. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa kamar yadda na saba, na yi masa bayani da Hausar da ba kwamfuta a cikinta. Ya saurara har na gama.

"Yanzu gyaran nan zai yiwu kafin ranar?"

"Ba zai yiwu ba, Kawu. Ko an gyara sai an sake gwadawa, in ya faɗi a sake gyarawa."

"To ki ce wa kwamiti ya yi. A buɗe, ku ci gaba da gyaranku a hankali. Wa zai sani?"

"Motar farko da ta sauke mutane kowa zai sani. A gaban hakiman kuwa."

"Rabi, ni da bakina na bi gida gida na kai gayyata. So kike in sake bi gida gida in ce na fasa? Da furfurata?"

Na san abin da nake roƙonsa ba ƙarami ba ne. Mutumin nan shi ya kai ni makarantar kwana a bayan kekensa lokacin da mahaifina ya rasu, shi ya tsaya mini har na zama abin da na zama. Kalma biyu kawai yake nema a wurina, kuma bai taɓa neman komai a wurina ba sai ranar. Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, in ya ba mu lokaci za mu ba shi abin da zai tsaya da ƙafarsa, amma bakina ba zai iya cewa ya yi ba. Ya kawar da kai. Sannan ya ce, "To na ji," ya jawo rediyonsa ya kunna. Na tashi na fito. Kwamiti ya ɗage buki. Kawu ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ya janye gayyatarsa, aka mayar da sa wurin mai shi. Ranar Juma'a Inna ta yi dambu, aka sauko daga masallaci, ba Kawu. Ta rufe kwanon ta ajiye har Magariba, sannan ta ba ku kuka cinye. Haka ta yi ta yi duk sati, ba ta fasa ba, ba ta kuma ce mini komai ba, wanda ya fi mini ciwo a kan ta yi faɗa.

Nura ma da farko ya sha kunu. A gidansu a Kano kowa waya biyu gare shi, har mai gadi. Ban yi gardama da shi ba, gani ya kori ji. Ranar kasuwa na ɗauke shi muka je tasha, muka tsaya inda motocin ƙauye ke sauke mutane. Na ce ya tambayi duk wanda ya ga dama lambar wayarsa. Ya tambayi wani dattijo, ya karanto masa. Ya tambayi na bayansa, ya karanto ita dai. Na uku bai ma jira tambaya ba, sai shi da na huɗu suka haɗa baki suka rera ta kamar karatun allo. Wani Bafulatani da ke gefe ya ce su a rugarsu ta Arɗo suke bayarwa, in yana so ya rubuta. Nura ya riƙe ƙugu yana dariya har da hawaye.

"Malama, na tuba. Mu koma ofis."

Daga nan aiki ya yi daɗi. Muka sake rubuta Bada Buhu ya riƙa gane mutum da lambar katinsa na ƙungiya, wadda kowa da tasa, ba da lambar waya ba. Muka cire aika saƙo daga cikinsa, ya zama in ya gama aikinsa sai ya ajiye saƙon a layi ya buɗe ƙofa, wani abu daban ya kwashe ya aika daga baya. Muka kuma sa a riƙa haɗa sunayen masu lamba ɗaya a saƙo guda, don kada mai cajin Gwiwa ya ga abin da babanku ya gani. Wannan shawarar babanku ce, kuma har ya bar duniya yana cewa shi ma injiniya ne. Sannan muka koya wa akawun ƙarya halin mutanenmu. Muka sa su riƙa zuwa mota mota, ba ɗaɗɗaya ba. Muka sa su tsaya gaba ɗaya lokacin sallar Azahar, su dawo gaba ɗaya su danna a tare. Muka sa intanet ya riƙa yankewa a tsakiyar aiki kamar yadda yake yi a bakin iyaka. Rumbun ya sake faɗuwa, ba sau ɗaya ba, kowane karo a wani sabon wuri, mu gyara mu sake ɗora masa kaya. Har sai da ya zama in allo ya yi ja Nura tafi yake yi, ya ce mun kama wani ɓarawon.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, mai yawa kuwa. Mutane suka yi shuka. Gero ya tsiro, ya fara neman taki, taki kuma yana kulle a sito saboda ni. A kasuwa aka raɗa mini suna Rabi Mai Kayarwa, wata mata ta faɗa mini shi a gaban idona wurin sayen daddawa, ba ta san ni ce ba. A nan tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba. In noman farko ya wuce taki bai isa gona ba, ba kwamfuta za a zaga ba, ba Nura ba, ni da Kawu ne, kuma abincin shekarar mutane ne zai ragu. Duk hadarin da ya haɗu sai gabana ya faɗi. Babanku ne yake ƙarfafa mini gwiwa da irin tasa hanyar. In ya gan ni na yi tagumi sai ya miƙo mini wayarsa ya ce in akwai sauran taki a turo masa, ya saba.

Ranar da muka ɗora wa rumbun kayan da ya ninka na ranar rabo ya tsaya bai ko girgiza ba, na aika wa kwamiti cewa ya yi. Aka sa rana kusa kusa, ba rumfa, ba hakimai, ba sa. Ni ina wurin rabo na Kazaure, Nura yana ofis gaban allo. Kawu ya zo, amma can ƙarƙashin darbejiya ya sa aka ajiye masa kujera, ya juya mini gefe. Motar farko ta iso daga wani ƙauyen Roni, mutane har kan rufi. Suka sauko suka bazu a kan tebura, sai na ji lamba ɗaya tana tashi daga kowane tebur a lokaci guda. Akawu suka danna, buhuna suka fara fita. Layi yana tafiya, mota ta biyu ta iso, ta uku ta iso. Aka tashi sallar Azahar aka dawo aka danna a tare, rumbun bai ko yi tari ba. Kafin La'asar fili ya yi fayau, sai masu tallar gyaɗa suna mitar an watse ba su sayar da komai ba. Kawu ya taso zai wuce, ya tsaya kusa da ni, idonsa a kan sito.

"Bai faɗi ba."

"Ya gama faɗuwarsa a gabana, Kawu. Shi ya sa bai faɗi a gabansu ba."

Ya hau bayan ɗan acaɓa ya tafi. Na zaci Juma'ar nan zai zo. Bai zo ba, ta gaba ma bai zo ba. Taki ya isa gona a kan gaɓa, da ƙyar dai, gero ya yi kyau, amma bukin da Kawu ya ci buri a kansa bai taɓa samunsa ba, kuma akwai waɗanda suka daɗe suna yi masa shaguɓe da san da aka mayar. Wannan ni na jawo masa, kuma har yau in na tuna shi yana bin gidajen nan da sandarsa sai zuciyata ta sosu. Da za a mayar da ni zauren nan abin da na faɗa shi zan sake faɗa, amma kada ku ɗauka kyauta na same shi.

Sai da aka yi girbi, wata Juma'a, muna zaune muka ji sallamarsa a ƙofa kamar jiya ya bar gidan. Ya shigo ya zauna a tabarmarsa. Inna ba ta tambaye shi inda ya shiga ba, ta ɗauko kwanon da ke rufe ta ajiye masa. Ya kai loma, ya tauna a hankali.

"Gishiri ya yi kaɗan."

"Damina guda ina zuba shi daidai, ba mai kushewa," in ji Inna. "Yau na rage don ka sami abin faɗa."

Ni ina bakin ƙofar ɗaki, hawaye na zuba ina share su da gefen mayafi don kada ku gani. Ya cinye tas, ya suɗe hannu, sannan ya juyo ya dube ni ido cikin ido, karon farko tun ranar zaure.

"Rabi, baɗi za mu haɗa da rabon iri. Ba zan gayyaci ko mai unguwa ba sai kin je kin kayar mini da shi tukuna. Ki kayar da shi sosai."

"In sha Allahu, Kawu."

Babanku ya ajiye goron da ke hannunsa. Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya kashe ta, ya tura ta ƙarƙashin tabarma ya zauna a kai.

"Wannan karon," in ji shi, "a sa lambar Kawu."